Malam Buba Famasi, Wanda Ya Cire Hularsa Saboda Mu

Malam Buba Famasi ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a kicin da kofin ruwa a hannu, ko shirin makaranta ban gama ba, sai ga kiran 'yarsa. Ta ce, "Anti Rabi, Baba ya cika bayan an idar da sallar asuba." Na ce mata wane Baba, alhali na san wanda take nufi. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Na yi kukan da zan yi. Amma da na share fuska na zauna, sai na ji ba baƙin ciki ne ya fi cika mini zuciya ba, alfahari ne. Wallahi ina alfahari da cewa a garin nan namu na Azare aka yi mutumin nan, kuma ni na san shi.

Masu bin shafin nan da yawanku iyayen ɗalibaina ne, wasu abokan aikina, wasu dangin maigidana. Kun san ni a matsayin Malama Rabi ta aji huɗu, mai faɗa a kan rubutu da yanke farce. Akwai abin da ba ku sani ba, wanda na yi shekara tara ina ɓoyewa. Malam ya roƙe ni in faɗa tun yana raye, na yi ta kwana-kwana. Yau zan faɗa. In akwai wanda zai cire ɗansa daga ajina bayan ya karanta, ina roƙonsa ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Ruwan nan da ke hannuna lokacin da aka kira ni, na shan magani ne. Maganin ƙwaƙwalwa.

Ciwon ya fara mini ne ina jegon Ummi, 'yata ta fari. Kamar yadda aka saba, gida na tafi haihuwa, can Katagum wurin Inna. Bayan suna da 'yan kwanaki barci ya ƙaurace mini. Na fara jin ana kiran sunana ba kowa a wurin. Na hana kowa taɓa jaririyar, wai za a musanya mini ita. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an yi tofi, abin sai gaba yake. Maigidana ne ya dage sai an kawo ni asibiti a Azare. Likita ya gan ni, ya yi mana tambayoyi, ya rubuta magani, aka nuna mana famasi.

A nan muka haɗu da shi. Dogo ne, siriri, da furfura a gemu da tabarau a kan hanci. Ya karanta takardar likita, ya ɗago ya kalle mu, sai ya ƙi miƙo maganin ta taga. Ya zagayo ya zaunar da mu, ni da maigidana da Inna, a wani benci da ke gefe.

Maigidana ya miƙa hannu zai karɓa. Malam ya ce, "Tsaya tukuna, ɗan'uwa. Wa yake wuni da ita?"

Maigidana ya ce shi a Azare yake aiki, Inna ce ke tare da ni a Katagum.

Ya ce, "To da Hajiya zan yi magana."

Ya buɗe wani tsohon fayil ya zaro takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani, mai ƙananan rubutun Turanci kamar sahun tururuwa. Mu ba kwali ake ba mu ba, a 'yar ambulan ake zuba mana ƙwayoyin, don haka shi yake adana takardun. Ya nuna wa Inna ya ce, "Hajiya, waɗanda suka yi maganin nan sun rubuta gargaɗi a nan. Magani ne mai kyau, da yardar Allah 'yarki za ta samu sauƙi. Amma akwai abin da yakan yi wa wasu a kwanakin farko, ba kowa ba. Sun rubuta da Turanci, ke kuma ba ki jin Turanci. Don haka yau ni ne takardar."

Sai ya cire hularsa ya ajiye a kan bencin.

Jama'a, dattijon nan ya murɗe wuyansa gefe guda har kunnensa ya kusa taɓa kafaɗa. Ya juya idanunsa sama sai fari kawai ake gani. Ya zaro harshe, ya sandare muƙamuƙi. A tsakiyar asibiti, da rana tsaka, layi cike da mutane.

Mutanen layi suka fashe da dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Haba Malam, da girmanka?"

Ya mayar da fuskarsa daidai ya ce, "Hajiya, ki yi dariyarki, amma ki buɗe ido ki kalla da kyau. In kin ga 'yarki ta yi haka, ba iska ba ce, ba aljani ba ne, ba kuma ciwon ne ya ƙaru ba. Maganin ne. Kada ki jira, ki kai ta asibitin da ya fi kusa da ke, akwai allurar da ke warware shi."

Ya sake yi, ya sa Inna ta faɗa masa abin da ta gani: wuya, ido, harshe. Sannan ya rubuta sunan maganin da manyan baƙi a bayan ambulan ɗin, da 'yar magana ga duk ma'aikacin da za a kai ni wurinsa. Inna ta ƙulle ambulan ɗin a haɓar zani. A mota muna komawa tana cewa, "Wannan mutum shi ma a duba shi."

Kwana uku da fara shan maganin, wajen sha biyun rana, ina zaune Inna tana dama mini kunun kanwa, sai na ji wuyana yana tafiya hagu ba da izinina ba. Idona ya kafe a rufin ɗaki. Harshena ya cika mini baki.

Salati ya tashi. Kafin ka ce me, gida ya cika da mata. Ina jin wata maƙwabciyarmu tana cewa, "Ai ga shi nan sun bayyana kansu."

Aka kira Baffa Sale, yayan mahaifina, wanda tun rasuwar Babanmu shi ne mai faɗa a ji a gidan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kalle ni ya ce, "Na gaya muku wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ƙwayar nan ce ta fusata su." Ya aika aka kira mota. Za a kai ni gidan wani mai magani a wani ƙauye, inda ake sa wa irinmu mari a ƙafa. Ummi kuma a bar ta a gida a nema mata madara.

Abin da nake so ku sani shi ne, duk ina ji. Hankalina yana jikina sarai. Ina jin ana shirin raba ni da 'yata, ina so in ce a'a, harshe ya ƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba na yi wa kowa fatan ya ji shi.

Baffa ba mugu ba ne. Abin da ya gani ya tsorata shi, kuma iya abin da ya sani ke nan.

Inna kuwa, duk wanda ya san ta ya san ba ta taɓa haɗa ido da Baffa ba. Yaya take ce masa, in yana magana kanta a ƙasa. Ranar sai ta ajiye ludayi ta tsaya a ƙofar ɗaki ta tare hanya.

Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, motar nan asibiti za ta."

Ya ce, "Ke Hajara, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

A gaban yayan mijinta da matan unguwa, Inna ta murɗe wuya, ta juya ido sama, ta zaro harshe.

Sannan ta ce, "Haka mutumin Azare ya yi mini, tun yarinyar nan ba ta haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce wuya, ga wuya. Ya ce ido, ga ido. Ya ce harshe, ga harshe. To in aljanu ne, Yaya, shi suka fara yi wa shawara?"

Ta kwance haɓar zani ta ɗaga ambulan ɗin.

Baffa ya kalle ta. Sai ya juya ya ce wa direba, "Asibiti."

A asibitin Katagum aka karanta abin da Malam ya rubuta, aka yi mini allura. Kafin Baffa ya gama alwalar azahar a harabar asibitin, wuyana ya saki. Maganar farko da ta fito daga bakina ita ce, "Ina Ummi?" Inna ta kwanto ta daga baya ta ɗora mini a cinya.

Washegari muka koma Azare. Likita ya rage maganin, ya ƙara wata 'yar ƙwaya. Da Inna ta ba Malam labari a bencin nan, ya miƙe tsaye ya leƙa ta taga yana kiran abokan aikinsa, "Ku fito ku ga ɗalibata! Duk shekarun da na yi ina wannan abu, ba a taɓa samun wadda ta haddace kamar Hajiya ba." Inna ta sake rufe fuska, amma wannan karon ina ganin murmushinta ta ƙasan mayafi.

Baffa bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Amma duk ƙarshen wata sai ya aiko a tambaya, "An karɓo na wannan watan?"

Haka Malam Buba yake aikinsa. Kowane magani da irin wasansa. In ɗan acaɓa ne aka rubuta wa mai sa barci, sai ya hau bencin kamar babur, ya riƙe kan mashin na ƙarya, ya yi gyangyaɗi ya karkace, ya ce, "Kada ka hau sai ka san yadda yake yi maka." In mai sa jiri ne, ya nuna yadda za ka tashi a hankali, ka zauna a bakin gado tukuna. In Fulanin daji ne suka zo daga wajen Udubo ko Gamawa, ya juya harshe zuwa Fulatanci, ya zana musu rana da wata a jikin ambulan, ya tambaye su yaushe za su tashi da shanu don a san yadda maganin ba zai yanke musu a hanya ba. Na taɓa ganinsa yana yi wa wata Madam mai shagon atamfa bayani da Turancin kasuwa, har da susar hannu, yana nuna mata ƙurajen da in sun fito tare da zazzaɓi ba a kwana da su a gida.

Abokan aikinsa suna tsokanarsa da ɗan wasan kwaikwayo. Layinsa ya fi na kowa jinkiri, masu gaggawa suna tsaki. Ko a jikinsa.

Ba na cewa ba shi da faɗa. Yana da shi, kuma ba ya ɓoyewa. Ranar da wata ta gaya masa ta ɗiba wa maƙwabciyarta ƙwaya biyu saboda ba ta samun barci, sai da aka jiyo muryarsa a ɗakin kati. "Goro ne? Na ce goro na ba ki da za ki raba wa unguwa?"

Bai taɓa raina addu'a ba. Cewa yake, "Ku yi addu'a, ku yi tofi, ni ma ina yi. Amma kada a ajiye maganin." In azumi ya gabato kuwa, tun a Sha'aban yake tura mu wurin likita a tsara mana lokutan sha, kada mutum ya haɗa na safe da na rana ya watsa a baki lokacin sahur.

Akwai wani halinsa da na daɗe ban gane ba. In kun haɗu a kasuwa ko wurin biki, ba zai taɓa fara gaishe ka ba. Zai wuce kamar bai san ka ba. Na ɗauka girman kai ne, har na yi masa ƙorafi. Ya ce, "'Yata, kowa ya san tagar da nake zama. In na gaishe ki, na kusa da ke zai tambaya a ina kika san ni. Ke za ki zaɓa."

Na zaɓa kuwa. Sau da yawa na gan shi a kasuwa na kau da kai. Yau wannan yana cikin abin da ya sa ni kuka.

Bayan shekara biyu na ji garau, na koma aji, sai na ajiye maganin ban gaya wa kowa ba. Wata biyu ban je karɓa ba. Bai zo gidanmu ba, don kada maƙwabta su gan shi. Matarsa ya turo, Hajiya, ta zo kamar mai ziyara da 'yar ledar dabino. Sai da za ta tafi ta ce mini a hankali, "Malam ya ce a tambaye ki, yaya barci?" A lokacin kwanana huɗu ban rintsa ba.

Da na koma bai yi mini wasa ba, ko hular bai taɓa ba. Ya ce, "Ba ke kika sa wa kanki ba, ba ke za ki cire wa kanki ba. In kin gaji da shi, ki gaya wa likita, shi ya san yadda ake ragewa a hankali." Tun daga ranar ban sake ba.

Daga nan muka zama kamar uba da 'ya. Yakan ba ni takardun gargaɗin nan, ya yi mini bayani, in rubuta masa da Hausa da manyan baƙi ya manna a bango. Abu ɗaya ne ya nema na hana shi. Ya ce in riƙa zuwa ranar Alhamis, ranar da masu irin ciwonmu suke ganin likita, in zauna a bencin nan in ce wa sababbin zuwa, "Ni ma ina sha, kuma ga ni malamar makaranta." Ya ce, "Ni ina nuna musu abin tsoron da ke cikin maganin. Ke za ki nuna musu abin da ake samu in an daure."

Na ce, "Baba, iyayen yara fa? Su ce mahaukaciya ke koyar da 'ya'yansu?"

Ya ce to. Bai matsa ba. Amma duk shekara sai ya sake tambaya, har bayan ya yi ritaya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan. Na je duba shi a gida bayan hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Na same shi a kan tabarma a inuwar darbejiya, an jingina shi da filo. Bakinsa ya karkace gefe guda. Da na gani sai hawaye ya zubo mini.

Ya nuna bakin da hannunsa mai lafiya, yana magana da ƙyar, ya ce, "Wannan ba wasa ba ne, Malama. Kuma ba ya cikin takarda." Na yi dariya ina kuka.

Ya tambayi Inna, ɗalibarsa. Ya tambayi Ummi, na ce tana aji huɗu, a ajina ma take. Sannan ya ce, "Bencin nan fa har yanzu ba kowa."

Na ce, "Baba, bari in yi shawara."

Ya ce, "Shekara nawa kina shawarar nan?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce in gaida gida. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

To Baba, na gama shawara. Da safen nan na tambayi Abban Ummi, ya ce, "Rubuta. In sun cire 'ya'yansu, Ummi tana nan."

Sunana Rabi. Ina da ciwon ƙwaƙwalwa, ina shan magani kullum, ina ganin likita. Da maganin nan na raini 'ya'ya uku, kuma kowane ciki sai da na gaya wa likita kafin komai. Da shi na koya wa 'ya'yanku karatu, waɗanda wasunsu yanzu suna sakandare. Ban fi ku hankali ba, ba ku kuma fi ni ba.

In an rubuta wa naku irin wannan magani, kada ku karɓa ku juya. Ku tsaya ku tambaya me zai iya yi, me za ku gani ku dawo da gudu. Ku tafi da wanda yake wuni da marar lafiyar, ba wanda ya fi iya Turanci ba. In jiki ya sandare ga zazzaɓi mai zafi, ko mutum ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Ba ni na ƙirƙiro ba, Malam ne ya koya mini.

Ranar Alhamis in Allah Ya kai mu, bayan an tashi makaranta, ina kan bencin nan. Na riga na kira waɗanda suka gaje shi a famasi, sun ce in zo. In ta kama in murɗe wuya in zaro harshe a gaban layi, zan yi. Inna ta yi a gaban Baffa, balle ni.

Na kira ta ɗazu na gaya mata rasuwar. Har yau ba ta riƙe sunansa ba. Ta ce, "Mutumin nan mai cire hula?" Na ce shi. Ta ce, "Ba don shi ba da mari ne a ƙafarki." Sai ta kashe wayar, na san kuka za ta yi.

Za a yi jana'izarsa bayan sallar azahar a ƙofar gidansa.

Ya Allah, bawanKa Buba ya cire hularsa, ya ajiye girmansa a gaban jama'a ana yi masa dariya, don kada a ɗaure mu. Ka suturta shi ranar da kowa ke neman sutura. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya da yara haƙuri, Ka ba masu jinya lafiya.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi masa addu'a. Ku kuma da kuka taɓa zama a bencin nan kuka kau da kai da kuka gan shi a kasuwa kamar yadda na yi, ba sai kun rubuta komai a ƙasa ba. Ku ɗaga hannu a inda kuke, ku ambaci sunansa.